Turmin da Malam Bai Ƙarasa Ba

Ranar Asabar da safe Sa'adiya ta zagaya bayan gida za ta zubar da toka, sai na ji tana ƙwala mini kira.

"Inna! Inna, fito ki gani!"

Na fito da ludayin koko a hannu. Ƙarƙashin rumfar da mahaifinta yake sassaƙa, inda gungumen ƙirya ya daɗe a zaune, babu komai sai shatin gindinsa a ƙasa, kiyashi suna ta kai da kawowa a ciki. Na yi salati. Kokon ya ɗiga mini a ƙafa, ban ma ji zafinsa ba.

Maigidana Malam Aƙilu masassaƙi ne, Allah ya jiƙansa. Ya rasu ana gab da shuka, kuma lokacin da wannan abu ya faru ban daɗe da fita takaba ba. Turmi yake yi, da taɓarya, da ƙotar fartanya, da kujerar mata. Gungumen nan kuwa ba na sayarwa ba ne. Wata tsohuwar ƙirya ce iska ta kayar a wata gona can wajen Matazu, ya je da kansa ya roƙi mai gonar, ya yanko gindin. Ƙirya ta yi wuya yanzu a ƙasarmu, sai ka yi tafiyar yini ba ka ga babba ba. Ya shafe bakin gungumen da laka, ya ajiye shi a inuwa shekara da shekaru, don ya ce idan rana ta busar da shi da gaggawa tsagewa zai yi. Duk wanda ya taya, sai ya ce, "Wannan turmin Sa'adiya ne."

Yakan ce turmin ƙirya gara ba ta cinsa, ba ya dagargajewa, ba ya zuba ɓurɓushi a cikin gari, kuma har jikokinta za su daka a ciki. Da aka sa ranar aurenta bayan kaka, sai ya fara aikin. Ya buɗe bakin kaɗan, ya fara fitar da ƙugu a gefe ɗaya. Yana sara yana wasa gizago, yana mita wai da sassaƙar ƙirya gara fasa dutse. Nan ciwo ya kwantar da shi. Abin da hannunsa ya taɓa na ƙarshe ke nan, shi ne kuma nake so yarinyar nan ta shiga ɗakinta da shi.

Kafin hantsi bayan gidanmu ya cika. Kowa ya zo jaje, kowa ya tattake wurin. An dai yarda cewa ranar Juma'a aka yi satar, lokacin da maza suka tafi masallaci Ƙarfi, mu mata muka tafi suna. Wanda ya yi ne aka kasa haɗa baki a kansa. Wasu suka ce Awaisu maƙeri, don babu gawayin da maƙeri yake so kamar na ƙirya. Wasu suka ce Malam Talha, ɗaya masassaƙin garinmu, wanda suka yi shekaru da Malam ba sa shan inuwa ɗaya. Mafi yawa suka ce Buba, don shi ke da shanu da amalanke, kuma an ga sawun taya a mashaya.

Maƙwabcinmu Murtala mai itace ya fi kowa tada jijiyar wuya. Mutum ne mai fara'a da surutu.

"Wallahi Inna Rabi, ko ina yake sai mun nemo shi. Ku ku bi hanya, ni zan bi bakin rafi."

Shi ya san rafin. Da damina ta nan masu itace suke ƙetarar da kayansu. Su tura itacen a mashaya, ruwa ya kai musu shi wata kwana mai yashi a ƙetare, su tsince shi a can su kai bakin titin Malumfashi. Ya ɗauki sandarsa ya tafi, na bi shi da sa albarka.

Mai unguwa ya ce a kira Ummaru.

*

Ummaru mai bin sawu taubashina ne, ɗan kawuna, a Ƙarfi yake zaune. Da ƙuruciya maharbi ne, yanzu kuwa in an sace akuya ko saniya shi ake kira. Gajere ne, ga tumbi, ga baki ja da goro. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa ba mu yi tsiya ba, sai ranar ta'aziyyar Malam, da ya zauna a zaure har yamma bai ce uffan ba.

Ya jingine kekensa ya ce, "Ina baiwar tawa? An ce itace ya gudu daga gidanki. Ai dole, wa zai iya zama da ke?"

Na ce, "Ka iso da wuri. Ashe keken na iya ɗaukar tumbin nan."

"Dama mini fura tukuna. Ba na ganin ƙasa da yunwa."

Wannan ce dariyar farko da na yi tun rasuwar Malam. Sa'adiya ta dube ni kamar ta ga baƙuwa.

Da ya shanye furar ya zagaya rumfar, ya dubi ƙasa, ya dubi jama'a. "Jaje kuka zo ko sussuka? Ku ja baya, don Allah."

Bai tsaya inda aka tattake ba. Ya fita can waje, yana zagaye yana sunkuyawa, har ya tsaya a bakin gonar masara. Ciyawar wurin ta kwanta, faɗin tabarma, ta miƙe ta nufi rafi. Ranar Alhamis an yi ruwa, tun daga nan ba a sake ba, ƙasa ta riƙe komai.

"Ba ɗaukarsa aka yi ba, mirgina shi aka yi," in ji shi. "Mutum ɗaya ne, kuma ya ji jiki. Kin ga nan ya zauna ya huta. Ga wani wurin can ma."

"Wa ya gaya maka ya zauna?"

"Mazaunansa. Ga su nan sun bar miki gaisuwa."

Na tambaye shi takalmin fa. Ya ce na roba ne, irin wanda rabin garin suke sawa, ba zai kai mu ko'ina ba. Sannan ya ce, "Sa mayafinki mu je. Ke kika zauna da itacen nan, ni ƙasa kawai na sani."

Muka bi kwantacciyar ciyawar har mashaya. A nan sawun ya mutu, don kofaton shanu ya dame wurin kamar an kwaɓa ƙasar gini. Ruwan ya cika ya yi ja, yana gudu. Ga sawun tayar amalanke ya shiga ta inda ba zurfi, ya fita a ƙetare. Ummaru ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe sai ya ɓare goro ya ce, "Mu je mu gaisa da mutane."

*

Mun sami Awaisu a maƙera yana zuga wuta, gumi na tsiyaya. A bayansa ga tarin gawayi sabo fil.

"Sannu da wuta, Awaisu. Wannan gawayi kuwa sabo ne," in ji Ummaru.

"Sabo ne, Baba Ummaru, kuma na san abin da ya kawo ku." Ya ɗauki guda ya matse a hannu, ya murmushe. "Na dogon yaro ne. Duba, kamar ƙuli. Gawayin ƙirya in ka haɗa biyu ka buga, ƙara suke kamar ƙarfe. Wutarsa ta daɗe, ta yi zafi, ba tartsatsi. Da ina da shi zan tsaya ina zuga tun safe kamar an yi mini baki? Kuma gungumen da aka ɗauka jiya, yau har ya zama gawayi ya huce? Sai dai in aljanu ke mini aiki."

"Da aljanu ke maka aiki, da laujen da na ba ka tun bazara ya fito," in ji Ummaru.

Awaisu ya yi dariya, sannan ya juyo wajena ya rage murya. "Inna Rabi, ni na ƙera gizagon da Malam yake sararsa da shi. Bini-bini sai ya dawo mini da shi baki ya lanƙwashe, ya ce ƙarfena ne ba kyau. Na san na Sa'adiya ne."

Na ce Allah ya yi albarka. Muka fita.

*

A ƙofar Malam Talha sassaƙe ne ja a warwatse ko'ina. Na riƙe hannun rigar Ummaru na ce, "Ga shi nan! Cikin ƙirya ja ne."

Ya sunkuya ya zaɓi wani mai ɓawo, ya shinshina, ya miƙo mini. "Ɗanɗana ki gaya mini."

Na sa a baki na tauna. Ɗaci ya kama mini harshe har cikin kunne. Na tofar ina kakari. "Maɗaci ne!"

"Na sani. Fuskarki nake son gani."

Malam Talha yana zaune a kan buzu da gizago a cinya. Tsoho ne mai ɗaure fuska, amma sai da kafaɗunsa suka girgiza. Shi da Malam ba su taɓa zagin juna ba. Kowa dai cewa yake turmin ɗan'uwansa karkatacce ne, kuma a kan wannan suka tsufa.

"Rabi'atu, maɗaci na kujera ne da ƙyaure," in ji shi. "Yana bin hannu. Ƙirya kuwa gardama gare ta. Da wane ƙarfi zan mirgina ta? Kuma ko an kawo mini har ƙofa, aikin da wani ya fara ba a sa masa gizago sai mai shi ya ce, ko magadansa. Haka muka gada. In na sa, duk masassaƙin da ya gani zai gane hannu biyu ne, in ɓoye shi a ina?"

Ummaru ya tambaye shi inda yake ranar Juma'a. Ya ce sahun gaba, kusa da ladan, a je a tambaya. Har mun juya sai ya ce, "Har ina ya kai da shi?"

Na ce, "Ya fara fitar da ƙugu."

"Karkatacce ko?"

Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya sunkuyar da kai yana ta goge gizagon da ba shi da datti.

*

Buba yana bakin garkensa a tsaye, ya rataya sanda a kafaɗa. Ummaru ya ce masa sannu da hutawa.

"Ina hutu, Baba Ummaru? Tun safe ake nuna ni da baki. Mai ɗakina ta kai nono gari ta dawo da shi, ba wanda ya taya. A garin nan aka yanke mini cibiya fa."

"Amalankenka ya ƙetare jiya."

"Da safe, zan ɗebo ciyawa. Wayam ya tafi."

"Na gani. Tayar ba ta nutse ba. Da gungumen nan na ciki, da sai an haƙo ku." Ummaru ya ba shi goro. "Shanun fa, yaushe suka sha ruwa?"

"Bayan la'asar. Suka bi gaɓa suka gangara kamar kullum, muka zagayo ta bayan gari."

"Yau fa?"

"Yau a rijiya na ba su. Ba na son haɗuwa da kowa."

Ummaru ya washe jan bakinsa kamar an yi masa albishir. Buba ya dube ni ya ce, "Inna Rabi, Malam ne ya sassaƙa mini karkiyar shanun nan." Na ce masa ni ban taɓa cewa shi ne ba. Amma kuma ban ce ba shi ba ne da safe, lokacin da ake ta faɗa, kuma na ga ya san haka.

*

Muka koma mashaya, muka bi gaɓa muka gangara, ta inda shanun suka bi. Ummaru yana gaba yana ɗaga ciyawa da sanda. Can ya tsuguna ya yafito ni.

"Me kika gani?"

"Sawun shanu."

"Ƙarƙashinsa fa?"

Na duba da kyau. Sawun mutum ne, ba takalmi, kofato ya taka rabinsa.

"Saniya ta taka shi, wato ya riga ta wucewa. Shanun Buba kuwa jiya da la'asar suka bi nan, yau ba su zo ba. Taho ki ga abin dariya."

Sawun ya fara da gudu, tun daga mashaya har kwanar yashi. A nan ya shiga ruwa, ya fito, ya tsaya ya daɗe, yatsu suna kallon rafi. Ya ƙara gaba, ya sake tsayawa. Ya dawo baya. Ya sake gangarawa. Duk inda rafin ya karkata sai ya tsaya yana leƙe.

"Wannan bawan Allah abu yake nema," in ji Ummaru. "Kuma ya fara nema tun kafin ke ki san kin yi rashi."

"Wato ɓarawon ma an yi masa sata?"

"Cikin ruwa ya tura gungumen, ya rugo nan ya tare. Bai zo ba."

Na zauna a kan yashi. Na ce shi ke nan, ruwa ya tafi da shi. Ina kallon jan ruwan nan sai wani abu ya faɗo mini. Shekarun baya Malam ya kawo sabuwar taɓaryar ƙirya rafin nan zai wanke, ta suɓuce masa. Ya tsaya yana jira ta taso, ba ta taso ba. Sai da ya tuɓe riga ya nutsa ya lalubo ta, ya dawo gida sharkaf yana dariya, ina yi masa faɗa zai kwashi mura.

Na miƙe zumbur. "Ummaru! Ƙirya ba ta tasowa! Ko ta bushe ƙayau, ƙasa take yi kamar ƙarfe. Yana nan inda aka tura shi!"

"Rage murya, kin cika gari." Amma idonsa sai ƙyalli yake. "Ashe zamanki da Malam bai tashi a banza ba."

Na ce to ai mai itace ne, su ke tura kaya a ruwa. Ya ce masu itace suna da yawa a garin nan, shi kuma ba ya kama mutum da zato. Ya nuna mini wani sawu da ya fito sosai a laka. A tafin ƙafar dama akwai wani layi da ya ratsa, kamar tsohon sara.

"Ba wanda yake yawo yana nuna tafin ƙafarsa," in ji shi. "Amma ba wanda yake hawa tabarmar mai unguwa da takalmi."

*

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Tun kafin a zo Ummaru ya sa aka share filin aka yayyafa ruwa, wai tari yake, ƙura na damunsa. Maza suka riƙa tuɓe takalma a gefe, suna takowa su durƙusa su yi gaisuwa su zauna. Mu mata muna bakin zaure. Awaisu ya zo, Malam Talha ya zo, Buba ya zauna can ƙarshe shi kaɗai. Murtala ya iso a makare, wandonsa duk laka, yana cewa ya gaji da nema.

Ummaru ya ce, "Ranka ya daɗe, gungumen nan bai hau amalanke ba. Ruwa aka tura shi a mashaya. Abin da nake so jama'a su taya ni, ina za mu neme shi?"

Murtala ya riga kowa. "Kash! In dai ruwa ne ai ya yi nisa. Busasshen itace a wannan cikar? Ni na duba har bayan gonakin rake, babu shi babu alamarsa."

Awaisu ya dubi Malam Talha. Malam Talha ya dubi Awaisu. Sai tsohon nan da ba a cika ganin haƙoransa ba ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wane nisa? Ƙirya ce fa, ɗan nan! In a mashaya aka tura ta, tana mashaya."

"Haba Baba, ai busasshe ne," in ji Murtala. "Ɗanye ke nutsewa. Busasshe ya yi ƙasa ne ya taso. Tun ina yaro nake wannan aikin."

"Da dogon yaro da sabara kake yi," in ji Awaisu. "Ƙirya ko ta shekara nawa tana bushewa, dutse ce a ruwa."

Murtala ya saki baki. "Wato yana nan? A mashaya? Wato duk wahalar nan da na sha tun..."

Ya dafe bakinsa.

"Tun yaushe?" in ji Ummaru a hankali. "Ƙarasa mana."

"Tun safe."

"Tun jiya dai, kafin shanun Buba su sha ruwa." Ya miƙe ya nuna jiƙaƙƙiyar ƙasa da sandarsa, tsakanin takalman Murtala da tabarma. "Ranka ya daɗe, ga layi a tafin dama. Ɗan'uwansa yana kwanar yashi, saniya ta taka shi. Duk mai so ya zo mu je."

Ba wanda ya tashi, don Murtala ya riga ya naɗe ƙafar ya cusa ƙarƙashin riga. Sai wata tsohuwa a bayana ta ce, "Kai, ɓarawon da ya ɓatar da kayan sata!" Dariya ta ɓarke har mai unguwa sai da ya rufe baki da rawani.

Murtala ya faɗi gaskiya, kansa a ƙasa. Wai wata mai sakwara ce a tashar Malumfashi ta daɗe tana neman turmin ƙirya. Ya ga Malam ya rasu, ya ce a ransa gungumen zai yi ta zama ne har gara ta cinye.

Na ce, "Gara ba ta cin ƙirya, Murtala. Ashe ba abin da ka sani a kanta sai ɗauka. Ka zauna kana ji ana kiran sunan Buba, har da karɓar albarkata."

"Juma'ar ma ba ka je ba," in ji mai unguwa. Ya juyo ya tambaye ni abin da nake so, a kai shi gaba ko a gama a nan.

Na tuna matarsa da yaransa, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na ce shi ya sa shi a ruwa, shi zai fito da shi. Kuma ya tashi yanzu a gaban jama'a ya ba Buba haƙuri. Ni ma na juya na ba Buba nawa.

Buba ya bar shi a durƙushe ɗan lokaci, sannan ya ce, "Na yafe. Shanuna za su ja. Amma kai za ka ɗaura igiyar."

*

Washegari da hantsi garin duka yana mashaya, har da masu tallar gyaɗa. Murtala ya tuɓe riga ya shiga da igiya a baki. Ya nutsa, ya taso yana furzar da ruwa.

"Yana nan! Wallahi yana nan!"

"Ka gaishe shi!" in ji Ummaru.

Ya yi ta nutsewa yana tasowa har ya ɗaure. Buba ya yi wa shanunsa magana, igiya ta miƙe, sai ga gungumen yana fitowa a hankali, baƙi ƙirin da laka. Mata suka rangaɗa guɗa. Na ɗebi ruwa a ƙwarya ina wanke shi da hannuna, har saran gizagon Malam ya bayyana a gefe, ja, a jere. A nan ne kukan da ban yi ranar Asabar ba ya zo.

Malam Talha ya tsuguna ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. Ya ce ruwan bai shige shi ba, a mai da shi inuwa ya sha iska. Amma bai tashi daga wurin ba. Na share ido na ce, "Malam Talha, ni ce magajiya, kuma na ce ka ƙarasa shi."

Ya gyaɗa kai. A rumfar Malam ya yi aikin, da gizagon Malam, yana aika wa Awaisu shi bini-bini yana cewa ƙarfen ba kyau. Abu ɗaya na roƙe shi. Na ce ya bar mini wuri kamar faɗin tafin hannu a ƙugun, inda Malam ya sara, kada ya goge. Ya ce zai ɓata kyan turmin. Na ce ya ɓata.

Da aka gama na shafe shi da man gyaɗa, na daka dusa a ciki don ya wanku. Ƙararsa mai zurfi ce, tana bin ƙasa, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ranar kai amarya Murtala ne ya ɗora shi a amalanken Buba, shi ya sauke, ba wanda ya taya shi, yana nishi yara suna tafa masa.

Ummaru ya zo cin tuwon biki. Ya tarar da turmin a tsakar gidan Sa'adiya, ya zagaya shi yana neman abin da zai tsokane ni da shi. Sai ya ga wurin nan da ba a goge ba. Ya tsuguna kamar yadda yake yi a bakin rafi, ya ɗora yatsa yana bin saran ɗaya bayan ɗaya har inda ya tsaya.

"Rabi," in ji shi. Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. "Wannan sawun na san mai shi."

Na ce, "Ni ma."